Baba Ya Hana Shuka, Yana Jiran Mahadi

Assalamu alaikum, Hajiya Adawiyya. Don Allah ki agaza mini da shawara, in da hali a fitowar wannan makon, domin abin da ke damuna ba ya jira.

Na karanta aikin gona a jami'a, na gama bautar ƙasa a Fabrairun bana, 2001. Yanzu ina Dutse wurin wana ina neman aiki. Gidanmu yana wani ƙauye a ƙasar Taura, mu goma sha huɗu muke ci daga gandu ɗaya.

Bayan Babbar Sallah wani Malam Maharazu ya sauka a ƙauyen. Ba zan yi masa ƙarya ba, ban ji ya ce shi ne Mahadi ba. Da na je gida, sau biyu na zauna wa'azinsa. Abin da na ji da kunnena shi ne, an nuna masa a mafarki shi zai riƙe tutar Mahadi, kuma Mahadi zai bayyana kafin a yanke geron bana, sai kowa ya yi hijira gabas. Wai duk wanda ya sa iri a ƙasa bana, shakka yake yi. Magidanta bakwai sun yi masa mubaya'a, har da Baba.

Ruwan shuka ya sauka ranar 9 ga Yuni. Geron maƙwabta har ya tsiro, namu gandun yana nan fayau. Na leƙa rumbu, abin da ya rage ba zai wuce Satumba ba. In makon farko na Yuli ya wuce ba mu shuka ba, ban ga yadda geron zai nuna kafin ruwa ya ɗauke ba.

Ga kuma laifina. Akwai dami uku na iri, zangarnun da Baba ke zaɓa da hannunsa duk kaka. Na ji ya ce a sussuke su a dama wa baƙin Malam fura, sai na kwashe su na ɓoye a gidan Gwaggo Huseina, yayarsa. Da ya tambayi wanda ya taɓa, na yi shiru. Tun ranar ban iya haɗa ido da shi ba.

Abokaina sun ce in kai ƙara kwamitin shari'a, amma ai sunan Baba zai fito. Ƙannena sun ce mu shuka a ɓoye, alhali a gidanmu ba mai sa sungumi a gandu sai maigida ya fara. Da na gwada yi masa bayani, cewa ya yi boko ya cinye mini imani. Kuma Hajiya, ba zan ɓoye miki ba, wani lokacin nakan ce, to in gaskiya ne fa? Yaya zan yi?

Mai fargabar damina, Dutse.

Wa alaikumus salam, ɗana.

Mu fara da fargabar da ka bari sai ƙarshe. Maganar zuwan Mahadi tana cikin littattafai, amma ba a sanar da kowa shekararsa ba, kuma ba a kafa hukunci da mafarki. Annabi (SAW) ya ce ko Alƙiyama ce ta zo alhali akwai dashe a hannun ɗayanmu, in zai iya ya dasa shi. Shuka ba shakka ba ce. Ka kwantar da hankalinka.

Mahaifinka ba mugu ba ne. Tsoron Allah ne ya kai shi, an dai ɗora shi a kan hanyar da ba ta ɓillewa. Dattijon da ya yi mubaya'a a gaban jama'a ba zai janye don ɗansa ya kayar da shi a muhawara ba, saboda haka ka daina muhawarar.

Ka tseratar da irin, na yaba. Amma shirun da ka yi da aka tambaya ba daidai ba ne. Gobe ka hau motar Taura, ka ɗauki gwaggonka ku je wurin mahaifinka tare, tunda yayarsa ce. Ka durƙusa ka faɗi gaskiya, ka nemi gafara. Sannan kada ka roƙe shi ya shuka gandu. Ka roƙe shi ya yanka muku gayauna babba, kai da ƙannenka, kamar yadda uba ke yanka wa ɗa gonar kansa. Ta haka bai karya maganarsa ba, ku ma ba ku shuka a bayan idonsa ba. In ya ƙi, gwaggonka ta nemo muku aron gona, amma ya sani.

Maganar Malamin kuwa ta fi ƙarfinka kai kaɗai, gida bakwai ne a ciki. Ka sanar da limamin gari da dagaci, su zauna da shi. Kada ka fara da kai ƙara.

In kaka ta yi, ka kai wa Baba damin farko, kuma kada bakinka ya furta ai na faɗa. Allah ya ba da damina mai albarka, ya daidaita tsakaninka da mahaifinka.