Waccan da Ba Ki Faɗi Sunanta Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Inna.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan Allah Ya sa kina cikin rahama a makwancinki. Mu nan Mayahi muna lafiya. Damina ta yi dama-dama, an yanke gero, wake ne bai yi kirki ba. Jikokinki sun girma. Ni kuma na kusa ajiye alli, idona ya gaji da allon lakwal, makarantar da nake koyarwa.

Na ji muryarki, Inna. Shi ya sa na zauna rubutu, kuma na san mutane za su karanta. Su karanta.

Kin tuna baƙuwar nan da ta zo ƙauyenmu can gefen Tchaké, lokacin ina koleji? Baƙa ce wuluk kamar mu, amma daga Amurka, Hausarta tana tafe tana tuntuɓe. Muka raɗa mata Hawa. Ta zaga gida-gida da rakoda tana tambaya a kan bauta, kowa ya ce mata wannan abu ya wuce tun zamanin kakanni, a ba ta fura, a raka ta bakin ƙofa. Da ta shigo gidanmu ta ce ita ma kakanninta bayi ne, sai kika ajiye taɓarya kika dube ta sama da ƙasa. Kika ce, "Ke ma ɗiyar bayi ce? To zamna."

Ta zauna. Ta yi ta dawowa har damina ta fita. Ban san abin da kika faɗa mata ba, don da hutu ya ƙare na koma Mayahi. Amma na san abin da ke akwai na faɗa. Gonar da Baba ya tsufa yana nomawa, wadda har ya mutu ana ce mata aro. Bikin gidan da suka mallaki kakanninmu, inda ba a gayyatarki, sai dai a aiko a ce daka yana jiranki. Baba da ya fi limamin gari karatu, amma ko ranar da liman ya kwanta ciwo ba a ce ya wuce gaba ba. Ba ki taɓa zaunar da mu kin yi mana wannan magana ba. Baƙuwa kika yi wa.

Hawa ta rasu, Inna. Kafin ta rasu ta ba wata jami'a ta ƙasarsu dukkan kaset ɗinta. Suna da ɗaki guda na adana tarihin baƙar fata da gwagwarmayar neman 'yanci, mai sanyi, ba ƙura ba gara. Can aka sa ki, kusa da muryoyin mutanen da aka daka aka ɗaure don sun ƙi shan ruwa a inda aka ware musu. Ban yi musun kin cancanci wurin ba. Ke da ko Maraɗi ba ki taɓa kwana ba, ga ki kin tsallake teku.

Jikanki Nasiru, wanda ke karatu a jami'a, shi ya ci karo da abin a intanet. An rubuta: mace, jikar bayi, yankin Mayahi. Ba suna. A ƙasa an sa ɗan guntun murya don ɗanɗano. Ya kawo mini talho, wayarsa ta hannu, ina tsakar gida ina tsince wake, ya danna. Sai na ji tarin nan naki da kike yi kafin magana, na ji kin ce, "Lahiya lau, ya baƙunta?" Kika yi dariya. Daidai inda kika ja numfashi za ki fara, nan suka yanke.

Waken ya zube. Na sa ya maimaita har cajin ya ƙare.

Muka rubuta musu. Matar da ke kula da ɗakin ta amsa da ladabi ƙwarai, irin ladabin da ba ya buɗe ƙofa. Ta ce sun rufe wannan kaset don kare zuriyarki, saboda sun san a ƙasarmu asali yana iya kashe aure, yana iya hana mutum kujera. Manazarta masu izinin jami'a suna iya shiga su saurara a ɗakin. Iyali kuwa, ana ba wanda mai maganar ta ambata da bakinta a matsayin ɗanta. Na ce to madalla, ni ce ta fari.

Ta koma ta saurara, ta dawo. Ta ce kin ambaci Habsu, kin ambaci Sani. Ni ba ta ji sunana ba ko sau ɗaya. Sai dai akwai wata da kike yawan cewa "waccan," kuma ba su san ko wace ce ba.

Inna, na yi dariya har Nasiru ya tsorata.

Ina za ta ji sunana? Ni 'yar fari ce. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Ki kira Habsu tun daga bakin rijiya gari ya ji, ki kira Sani ki haɗa masa da kirari. Ni kuwa sai "ke," in ba na nan sai "waccan." In kika yi mini zane, sai ki ba Gwaggo ta kawo ta ce ita ta saya. Ranar da aka faɗi sunana a rediyo na ci jarrabawa, mata suka cika gidan da guɗa, ke kika ɗauki tulu kika tafi rijiya alhali randa cike take. Na daɗe ina jin haushin wannan kunya taki. Sai da na haifi Nasiru harshena ya ƙi ɗaukar sunansa gaban mutane, sai dai a takarda, sannan na gane abin da ke cikinta.

Na bayyana wa matar duk wannan. Na ce rashin sunan shi ne shaidar, domin ba wanda uwa ke ɓoye wa suna sai na fari. Ta ce lalle al'ada ce mai ban sha'awa, amma ƙa'ida ba ta hannunta. Sannan ta tambaye ni, Inna, ko zan yarda a ɗauki muryata ina bayanin wannan al'ada, don su ƙara a ma'ajiyarsu. Sun riƙe taki, suna son tawa. Abin da ya zo bakina bai dace da malamar lakwal ba.

Habsu tana wajenki. Saura Sani.

Na shiga mota na tafi Tasawa. Sani Alhaji ne yanzu, yana da shago na hatsi a kasuwa, ana tashi in ya shigo. Ba wanda ya san daga inda muka fito, ya share sawun nan tas. Na kunna masa guntun muryar, na ce ya rubuta musu ya nemi kaset ɗin, tunda shi kin ambaci sunansa. Ya juya yana gyaran buhun da ba ya bukatar gyara. Ya ce, "Yaya, ɗiya mata gare ni, an kawo gaisuwar babbar. Ki bar Inna ta kwanta."

Na so in zage shi, na kasa. Na tuna nawa auren na farko, da aka kawo goro, aka tafi binciken asali, ba a dawo ba. Ke ma kin tuna, don kin kwana biyu ba ki ci abinci ba, kika ce ciwon ciki ne. Sani bai yi ƙarya ba. Abin da ke ƙona ni ke nan: matar can ma ba ta yi ƙarya ba. Da gaske akwai abin da za a kare mu daga gare shi, kuma ba a Amurka yake ba. Yana nan, yana sahun gaba a masallaci, yana cewa duk mu 'ya'yan Adamu ne, har sai ɗansa ya ce yana son ɗiyarmu.

Masu ilimin namu kuma fa? Sun wuce ta ƙofar gidanmu da motoci sau ba adadi, suna ƙidayar rijiyoyi da awaki. Ba wanda ya tsaya ya ce, tsohuwa, me kika gani? Sai da wata ta taso daga bayan teku. Yanzu in ɗansu yana son sanin abin da ya faru a Tchaké, sai ya nemi biza.

Ga yadda muke, Inna. Wani yaro da bai san ɗanɗanon fura ba zai nuna kati, a ba shi kujera, ya sa abin ji a kunne ya saurare ki daga farko har ƙarshe. Ya ji abin da kika faɗa a kan waccan. Ya rubuta, a ba shi digiri. An ce sun kare ni, amma daga uwata suka kare ni.

Ba gona nake nema ba, gonar ta tafi. Ba na son tona wa kowa asiri, 'ya'yan Sani nawa ne. Abu guda nake so. Matar ta ce kin yi ta maimaita waccan, har wani wuri kika yi shiru Hawa ta kashe rakoda. Me kika ce, Inna? A gabana ba ki taɓa yabona ba, ba ki taɓa riƙe hannuna ba sai ranar da za ki cika. In akwai inda kika saki bakinki a kaina, cikin kaset ɗin nan ne, don kin ɗauka baƙuwa za ta tafi da shi inda ba zan taɓa ji ba. Kin yi daidai kuwa. Ko a nan ma kunyarki ta ci.

Kullum da safe kafin in tafi lakwal ina kunna guntun. Kina tari, kina cewa lahiya lau, kina dariya. Ni ke amsawa a madadin Hawa.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa ki a inda ba a tambayar asalin kowa. Allah Ya jiƙan Baba da Habsu da baƙuwar da kika ce wa zamna. Ya sanyaya zuciyar Sani, Ya zaunar da ɗiyarsa lafiya a ɗakinta. In ban ji ba a nan duniya, Allah Ya haɗa mu, ki faɗa mini da bakinki. Ba sai kin kira sunana ba, zan san da ni kike.

Wassalam.

Taki,
Waccan.