Ƙanena yana kwance a Liverpool, jikokina suna son Paris

Barkanku da rana 'yan wannan gida. Admin ki ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ni tsohuwa ce na haura saba'in, rubutu a waya yana ba ni wuya, amma abin ya hana ni sukuni.

Ina zaune a Bukan Sidi nan Lafia, na yi ritaya daga koyarwa. Ɗana na fari ya ce a hutun Kirsimeti zai kai mu Turai kwana goma, ni da shi da matarsa da yaransu biyu, mace 'yar shekara bakwai, namiji ɗan uku. Ya ce Mama ke za ki zaɓi gari, don ke aka shirya tafiyar. Matarsa ta riga ta nuna wa yaran hotunan Paris da wuraren wasa, suna ta tsalle. Ni kuma da ya tambaye ni, sai na ji bakina ya ce Liverpool.

A ƙarshen shekarun 1950 babana yana aikin ba da magani a asibitin mishan, aka tura shi kos na wata shida can, kuma aka yarda ya tafi da iyali. Muka gangara Ikko muka shiga jirgin ruwa, ina da shekara shida, ƙanena Dauda yana da uku. Ɗaki ɗaya aka ba mu a saman bene, da murhun kwal. Mama ba ta jin Turanci, Eggon da Hausa kawai, kullum tana ɗaki da mu. Wata safiya Baba ya tafi makaranta, ita ta sauka sayen burodi da madara, ta ce kada mu kuskura mu fita. Tana fita dusar ƙanƙara ta fara sauka. Dauda ya manne da taga yana cewa garin rogo ne ake zubowa daga sama, yana kuka sai ya taɓa. Ni ma ina so in taɓa. Na riƙe hannunsa muka sauka bayan gida, ba takalmi, daga shi sai singileti. Muka yi wasa har ƙafafunsa suka daskare, na dawo da shi na goge shi da zanin Mama, na ce idan ya faɗa ba zan ƙara goya shi ba. Bai faɗa ba.

Bayan kwana biyu ya fara tari da zazzaɓi, a asibiti suka ce ciwon huhu ne, mako bai cika ba ya rasu. Baba da fasto da wasu ma'aikatan jirgi 'yan ƙasarmu ne suka je binne shi, ni da Mama muna ɗaki. Har ta tsufa tana cewa ita ce ba ta iya rufe yaro a ƙasar sanyi ba. A hannuna ta rasu a Assakio, ban gaya mata ba. Na karanta cewa ba sanyi kaɗai ke kawo wannan ciwon ba, amma zuciyata ta ƙi karɓa.

Ɗana ya san ina da ƙane da ya rasu a Turai, iyakar abin da ya sani ke nan. Matarsa mace ce mai ladabi, amma ranar da na ce Liverpool ranta ya ɓaci. Ta ce wa mijinta shekara biyu suna shirya hutun nan, ba za ta kwashi yara zuwa yawon maƙabarta ba, kuma kabarin ma wa ya san inda yake. Gaskiyarta, Baba ya ce ba a kafa dutse ba, abin da nake da shi sunan titinmu ne kawai a bayan wata tsohuwar ambulan. Ɗana kuma ya ce maganar uwarsa ce za a bi, har yau ba sa gaisawa sosai. Bizar ƙasashen biyu daban ce, ya ce guda ɗaya za a nema, kuma ranar Litinin zai cike fom.

Shekaranjiya ƙaramin ya hau cinyata yana tambaya ko za a bar shi ya ci ƙanƙara. Na sauke shi na shiga ɗaki. Tsoro nake ji in kai shi garin nan a watan sanyi, kuma na san a shekaruna da ciwon gwiwa, in ban je yanzu ba na gama zuwa.

To 'yan uwa yaya zan yi? In ce Paris, yara su yi dariyarsu, gidan ɗana ya zauna lafiya, ni in ci gaba da shiruna? Ko in zaunar da ɗana da matarsa kafin Litinin in gaya musu abin da uwata ta mutu ba ta ji ba, sannan su zaɓa da kansu? Masu 'ya'ya, idan uwarku ce, za ku so ku sani?