Kujerar Gaban Mota da Shaidar da Na Ƙi Bayarwa

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, tsoho ne ke magana, na haura tamanin.

Shekaru kaɗan bayan samun 'yancin kai na shiga aikin allurar shanu a Tanout, muna bin makiyaya har kwarin Tarka. Shef ɗinmu, wato shugaban aikin, wani nasara ne da aka bar mana, wai ƙwararre, mutumin da ba ya bambanta bajimi da karsana sai ya duƙa ya leƙa. Tuta ta canza amma motar aikinmu ba ta ji labari ba, shi da direba da karensa a gaba, mu ma'aikata a baya rana tana gasa mu. In makiyaya suka kawo ƙwaryar nono, babba ke fara sha ya miƙa, nasaran kuwa sai ya zaro kofinsa, wai bakinsa ba ya bin bakin baƙar fata. Har yau in na tuna shi sai na ja tsaki.

Mai aikin gaske shi ne Malam Isuhu, mutumin Ollelewa, yana jin Fulatanci da Buzanci. Makiyaya suna ɓoye shanu in sun hango mota, sai shi ya sauka ya gaisa sannan a fito da garke. Wata rana zazzaɓi ya kama shi, ya ɗauki karen ya maida shi baya, ya zauna a gaba. Nasara ya ce ya sauka, Isuhu ya ce ba zai sauka ba, shi ma'aikacin ƙasa ne, kare kuwa ba shi da takardar aiki. Muna komawa nasara ya rubuta cewa Isuhu ya ɗaga masa hannu zai doke shi. Ƙarya ce, a gabana aka yi. Da aka kira ni biro, wato ofis, in ba da shaida, tsoron rasa aiki ya sa na ce ina baya, ban ga komai ba. Aka kori Isuhu, ya koma noman gero, har ya rasu bai taɓa yi mini gori ba.

To yanzu 'yar nasaran nan ta zo, wai za ta gina shagon maganin dabbobi da sunan ubanta, masoyin makiyaya. Masoyi! Tana so in yi jawabi a taron da za a yi, tunda ni kaɗai na rage cikin ma'aikatansa. 'Ya'yana sun ce in yaba in wuce, kada in kori alheri. Sai ga ɗan Isuhu, shi ma da furfurarsa, ya durƙusa ya ce mini, Baba, kai ne aminin mahaifina, ka wanke shi a gaban jama'a. Bai san da bakina aka kori mahaifinsa ba.

Nasaran ban ɗauke shi a bakin komai ba, amma na fi raina kaina. Ba zan iya wanke Isuhu ba sai na tona abin da na yi. Jama'a, in faɗa a taron, ko in kira ɗan nan ɗaki in gaya masa tukuna? In ya ji ya daina ce mini Baba, da wane ido zan dube shi?