Kwanukan Hajaratu a Cikin Rumbu

Tawa, 18 ga Satumba, 1966

Zuwa ga aminina Attahiru,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da sauran ƴan ɗakinmu na Dakar da ba su samu zuwa gida hutu ba. Yaya karatun likita? Ni na iso Tawa lafiya, kowa ƙalau, damina ta yi kyau, gero ya kusa nuna.

Abokina, na shigo gari na tarar ashe ni injiniya ne. Shekara biyu ke nan Inna tana gaya wa maƙwabta cewa ɗanta Tanimu yana koyon gina gada a Dakar. Har wani tsoho ya tare ni a kasuwa yana roƙon in taimaka musu da guda a hanyar Kalfu. Da na ce wa Inna ai ta san karatun ƙawata ɗaki nake yi, sai ta toshe mini baki da hannu, ta leƙa waje ko wani ya ji. Ta ce jere aikin mata ne, kuma tun da take ba ta taɓa jin namijin da ya hau jirgi don ya koyo shi ba. Na yi dariya a gabanta, amma abin ya yi mini ciwo.

Kawu Manzo kuwa, wanda ke riƙe da gidanmu tun rasuwar Baba, bai tsaya kwana-kwana ba. Ya riga ya nemo mini aikin akawu. Ya ce in bai ga amfanin karatun nan da idonsa ba kafin hutu ya ƙare, ni da Dakar sai labari. Shekara ɗaya fa ta rage mini, Attahiru! In na tuna, abinci ma fita raina yake yi.

Amma Allah ya kawo mini hanya. Ka san malaminmu Bature ya ce kowa ya shirya ɗaki na gaske a lokacin hutu, ya koma da hoto. To ga ƙanwata Hajaratu za ta tare da an yanke gero. Angon shi ne Sabo, malamin lakwal, wato makarantar boko, abokina tun muna yara, mutum ne mai son zamani, har tuwo da cokali yake ci. Na ga kayan da aka tara mata: kwanuka, tasoshi, ƙorai, faya-fayi, kai ka ce kanti za a buɗe. Ka sha jin ina maimaita karatun malaminmu har ka gaji, cewa ɗaki yana son ya yi numfashi, ido yana son wurin hutawa. Zan nuna wa mutanen Adar abin da ake nufi. Sabo ya yi alkawarin ba ni makulli.

Ka gai da kowa da kowa.

Naka,
Tanimu

Tawa, 9 ga Oktoba, 1966

Attahiru,

Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya. Kada ka tambaye ni tawa lafiyar. Jikina dai ƙalau yake.

Ranar Alhamis Gwaggo Kaltumi, wadda duk unguwarmu ba a jere sai da ita, ta wuni da mata suna shirya ɗakin. Ranar Juma'a da hantsi, da suka tafi wurin wankan amarya, ni da Sabo muka shiga. Muka kwashe komai, muka zuba a rumbun da ba a sa wa gero ba tukuna. Na shafe bango da farar ƙasa. Na bar gado, da tabarma ɗaya, da kujera ɗaya, da tulu a lungu wanda na soka wa busasshen reshe. Wallahi, Attahiru, ɗakin ya yi kyau. Na tsaya a bakin ƙofa har ƙwalla ta taru a idona, ina cewa da ma malaminmu yana nan.

Bayan la'asar aka kawo amarya. Ina laɓe bayan katanga ina jiran guɗa. Na ji an fara ta, sai ta tsinke a tsakiya. Can wata ta kurma ihu wai ɓarayi sun shiga. Kafin ka ce me, maza sun fito da sanduna, Kawu Manzo a gaba, rawani a hannu. Hajaratu na kuka cikin mayafi. Dangin ango da suka zo daga Affala suka koma gefe suna ƙus-ƙus, wai da ma sun ji an ce gidanmu ba shi da komai sai baki.

Dole na fito na ce ni ne. Na fara bayanin numfashin ɗaki. Gwaggo Kaltumi ta dube ni daga sama har ƙasa, ta nuna reshen nan, ta ce, "Kai Tanimu, wanga ɗakin amarya na, ko na mai takaba?" Na waiga in nemi shaidar Sabo, sai na hango shi can cikin masu sanduna, yana girgiza kai kamar yau ya fara ganina.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne kakar Sabo. Tsohuwa ce tukuf, a kan jaki aka kawo ta daga Affala. Ba ta yi faɗa ba. Yawo kawai take yi a ɗakin tana shafa bango, tana tambaya ina ƙwaryar da ta sassaƙa wa amarya da hannunta, ko an ga ba ta isa a jera ba ne. Nan na gane abin da na yi. Ashe kowace mace da ta shigo, kwanon da ta bayar take nema da ido. Ni ina ganin na kwashe tarkace, ashe dangi na kwashe na zuba a rumbu.

Yau kwana biyu Inna ba ta yi mini magana ba. Tana ajiye mini fura ta wuce. Kawu ya ce ya ga amfanin karatun da idonsa, ya gode, in shirya zuwa ofis. Gwaggo ce ta ce a dakata, wanda ya ɓata shi zai gyara, a ƙarƙashinta. Ka yi mini addu'a.

Abokinka mai nadama,
Tanimu

Tawa, 21 ga Oktoba, 1966

Aminina Attahiru,

Gaisuwa da fatan alheri. Na samu takardarka. Na gode da addu'a, dariyar kuma Allah ya isa, don na ga inda hannunka ya karkace.

Kwana uku na yi ina fito da kaya daga rumbu, ina wankewa, ina miƙa wa Gwaggo. Matan unguwa suka raɗa mini suna ƙawar amarya, har ana tambayata ko a ƙunsa mini lalle. Na haɗiye.

Amma bari in gaya maka gaskiya, matar nan ta fi malaminmu tsanani. Manyan kwanuka a ƙasa, ƙanana a sama, wannan kowa ya sani. Ita kuwa ba ta yarda masu fure iri ɗaya su haɗa kafaɗa. Wanda ya ɗan fashe, ta juya tabon wajen bango. Na dangin miji su ne a inda ido ke fara sauka. Na matan da ba sa ga maciji da juna, sai a tsayi ɗaya, kada gobe a ce an fifita wata. Duk wannan a kanta yake, ba littafi, ba awo. Na sa wata tasa a karkace kaɗan, daga bakin ƙofa ta hango, ta daka mini muciya a gadon baya.

Rana ta biyu na yi ƙarfin hali na ce ɗakin yana da duhu, da an mai da jeren zuwa bangon da ke kallon ƙofa, hasken safe zai sauka a kansa. Ta ce in rufe mata baki. Washegari na zo na tarar ta sa an mayar da shi can, tana gaya wa mata cewa tunanin ya zo mata ne tana alwala. Da rana ta ɗaga, haske ya bugi kwanukan, farin bangon nan nawa ya maido shi, ɗakin ya ɗauki ƙyalli gaba ɗaya. Ƙwaryar kakar Sabo na rataya a ragaya, tsakiyar bango, ita kaɗai, na bar mata fili hagu da dama. Tsohuwar ta zauna a ƙasa tana kallonta, ta sa mini albarka har ta gaji. Hajaratu ta yafe mini. Sabo ma ya dawo yana cewa da ma shi ya san za a yi haka.

Rissa mai hoto ya ɗauki ɗakin. A bayan hoton na rubuta sunan Gwaggo a sama, nawa a ƙasa. Malaminmu ya ba da makin da ya ga dama.

Kawu Manzo ya zo ya leƙa, ya fita. Da na tambaye shi zancen ofis, sai ya ce in tambayi Inna, ita aka kunyata. Ni kuwa na kasa tunkararta. Jiya da safe ina wanke fuska a bayan ɗaki, sai na ji maƙwabciyarmu Fatimata tana tambayarta ta kan katanga yaushe mai gada zai koma. Inna ta ɗaga murya, yadda har gida na uku za su ji, ta ce, "Wace gada? Jere shika karantawa, can Dakar! Kaltumi ta ce kanshi na ja, amma da saura, sai ya ƙara shekara guda." Na daɗe a tsugune da buta a hannu kafin in iya tashi.

Ina tasowa ranar Litinin. Don Allah ka kwashe littattafanka daga kantar da ke kallon ƙofa. Inna ta ji labarin ɗakinmu ba komai sai gadaje da tebur da kantar littattafai, tausayi ya kama ta, ta ɗaure mini kwanuka bakwai. Gwaggo ta gaya mini yadda za a jera su, kuma ta ce in aiko da hoto ta duba.

Ka gai da mutanen ɗaki. Allah ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Tanimu, ƙawar amarya