Ɗakin Zaman Makokin Wilf

Sheffield, Litinin

Zuwa ga 'yata Lorraine,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Angus da yara, kuma sanyin Aberdeen bai tayar miki da tarin nan ba. Ya ƙarin haƙuri? Ni lafiya lau, ban da gwiwa.

Kin ce in nemo inda za a zauna ranar Juma'a bayan jana'izar babanki Wilf. Ki kwantar da hankalinki, zan samo. Shekara hamsin muna abota da Wilf, na san abin da zai so: mashaya mai ɗaki a baya, mutum talatin, burodi da nama daga gida, a yi waƙa in an ga dama.

Mashaya huɗu na shiga tun Asabar. Wadda muke zuwa bayan kallon ƙwallo ta koma gidan cin abincin 'yan gayu. Wata ma'aikaciya ta tare ni a ƙofa, wai ko na kama tebur? Na ce mata tun kafin a haifi uwarta nake shiga nan, ban taɓa kama komai ba sai tambulan. Manaja ya ce ba a shigo da abincin waje, kuma awa biyu ake ba kowane tebur. Awa biyu, Lorraine, ga mutumin da ya shekara arba'in yana wasa wuƙaƙe a masana'antun garin nan. A ta biyu aka kawo mini soyayyen dankali guda bakwai cikin ɗan bokiti, kamar za a ba doki. Sauran biyun ba zan ɓata tawada a kansu ba.

Saura ta Bernadette. Kin san ba na shiga can, amma ba ki san dalili ba. Shekara goma sha shida da suka wuce, ranar gasar kacici-kacici, ta karanta amsa ba daidai ba a kan tarihin Rum, abin da na yi digiri a kansa. Na miƙe a gaban jama'a na kira ta jahila. Ta kore ni har abada. Babanki ya ci gaba da zuwa kowace Alhamis ba ni, ban kuwa taɓa gaya masa abin ya yi mini ciwo ba. Gobe zan je.

Naki,
Kawu Clifford

Laraba

Lorraine,

Ina gaisuwa, da fatan kun kwana lafiya. An samu ɗaki.

Na je jiya da rana, na tsaya a bakin ƙofa, don korarre ba ya tsallake dokin ƙofa sai an ce ya shigo. Bernadette tana goge teburin sayar da giya. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce ashe Farfesa yana nan da rai, wai ni ke nan. Ta riga ta ji labarin rasuwar. Kafin in gama roƙo ta ce ɗakin baya namu ne har yamma, mu kawo abincinmu, mu yi waƙa har rufi ya tsage.

Sai na ba ta haƙuri, cikin kalmomin da na kwana biyu ina shiryawa. Ta saurara, sannan ta tambaye ni ko har yanzu ina ganin amsata ce daidai. Wani tsoho a kusurwa, Len, ya ajiye jaridarsa ya ce in yi ƙarya mana, kowa ya huta. Na ce amsata ce daidai. Ta yi dariya har ta ƙware.

"Wilf da mutanensa za su shiga, Clifford," in ji ta. "Kai ba za ka shiga ba. In na buɗe maka, sai na buɗe wa kowane shashasha da na taɓa kora."

Kada ki roƙe ta, kada kuma ki sauya wuri. Nan babanki yake so. Tagar ɗakin baya tana buɗewa zuwa tsakar gida, inda ake jera gangunan giya. Ta yarda a buɗe ta. Daga nan zan karanta jawabin da na rubuta masa. Shekara talatin ina koyar da yara arba'in a aji ba lasifika, har na kujerar ƙarshe zai ji ni. Ki dai ce wa Angus ya taho mini da lema, an ce za a yi ruwa.

Ki gai da yara. Allah ya kawo ku lafiya.

Kawunki,
Clifford