Famfon Lamba Goma Sha Bakwai

Zuwa ga ƙanina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da mai ɗakinka da gwiwar nan taka mai gaba da bene. Mu nan sai godiya.

Akwai wata magana da na taɓa ji a bakin direban ofishinmu, na yi dariya har na ƙware. Wai shugaban sashenmu, wanda suke kira Mai Famfo, ba ya korar mutum da baki. In ya gaji da fuskarka, sai ya sa a shaƙe wa kwamfutarka wuya, aikinka ya riƙa jan ciki, har takarda ta kore ka, shi kuma yana gefe yana ba ka haƙuri. Na ce wa direba ya tsaya kan sitiyarinsa, ɗakin sanyin da ake ajiye uwar kwamfuta a hannuna yake.

Bari in fayyace maka, tunda iliminka na kwamfuta ya tsaya a kunnawa da kashewa. Uwar kwamfuta ɗaya ce a ɗakin da nake kula da shi, an yanka cikinta ƙananan kwamfutoci arba'in, kowane ma'aikaci yana shiga tasa daga teburinsa. Gidan haya ne mai famfo ɗaya. Hanyar ma'ajiyar takardu ɗaya, hanyar intanet ɗaya. In ba a ƙayyade wa kowa rabonsa ba, mutum ɗaya sai ya kafa baki ya bar saura da ƙishi. To, ƙayyadewar ce aikina. Takarda kan sauko daga sama da lamba, a ce rage wa lamba kaza zuwa kaza, in rage, in sa hannu. Suna ba ya zuwa, ni ma ban taɓa nema ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina alfahari da haka, don in ban san mai lambar ba, wa zai ce na yi son kai?

Autarka da ke aiki a ofishinmu ce ta tono maganar. Jiya ta tare ni a bakin ɗakin sanyi, ido jawur. Wai takardun da take ɗorawa a ma'ajiya, da ɗari biyu take gamawa a yini, yanzu guda ɗaya sai ta je ta sha ruwa ta dawo tana nan tana juyawa. Sunanta ya faɗo ƙasan allon da ake nuna ƙwazon kowa, an ba ta gargaɗi na biyu. Har tatsuniyar direba ta kawo mini, wai tun ranar da ta gyara wa shugaba kuskure a gaban taro abin ya soma. Ta buɗe baki za ta faɗi lambarta in duba, na ɗaga mata hannu. Na ce ni na kawo ta gidan nan, ba a kanta zan fara leƙen lambar dangi ba, ta dai rage latsa waya.

Ka ja mata kunne. Marayu biyu take riƙe da su, ba lokacin neman wanda za a ɗora wa laifi ba ne.

Ka gaida mutanen gida.
Yayanka.

Zuwa ga ƙanina,

Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka da ta jikokin nan biyu. Saƙonka ya iso, na ji ka yi wa Auta faɗa har ta yi kuka. Ka yi abin da na sa ka.

Ka riga ka san an sallame ta ranar Alhamis. Ni na ɗauko mata kwalinta har bakin ƙofa, ta durƙusa ta ce, "Na gode, Baffa." Saura kuma ba ka sani ba, kuma gara ka ji daga hannuna.

Ranar Litinin takarda ta sauko: a buɗe wa lamba goma sha bakwai, a mayar da rabonta ɗari bisa ɗari. Na buɗe. Can aka kira ni in nuna wa sabuwar ma'aikaciya yadda ake shiga. A teburin Auta aka zaunar da ita, alamar kofin shayinta ma tana nan a kan katako. Allo ya kawo haske, lambar ta fito a sama: goma sha bakwai. Yarinyar ta ɗora takarda ɗaya, kafin in ƙifta ido ta wuce, ta yi murmushi ta ce ashe aikin ba wuya.

Na koma ɗakina na jawo aljihun tebur. Takardu uku ne masu wannan lamba. Daga ɗari zuwa arba'in. Daga arba'in zuwa goma sha biyar. Daga goma sha biyar zuwa biyar. Sa hannuna a kan kowace, da jelar nan da nake ja masa don ado. Ta ukun, kwanan watanta washegarin ranar da na ɗaga mata hannu ne. Na tuna har waƙa nake yi ƙasa-ƙasa ina shigar da lambar.

Ban je wurinta ba tukuna. Na isa bakin layinsu sau biyu, ƙafata ta juyo da ni. Kada ka gaya mata, wannan kayana ne, ni zan kai. In ka ga ba za ka amsa wasiƙar nan ba, ba zan ce ka yi laifi ba.

Maganar direba kuwa, na sake jin ta, cikakkiya, da sunayen mutum huɗu kafin Auta, duk na taya su ɗaukar kwali. Ina zaune da takardun a cinya aka turo ƙofa, ba kuwa direba ba ne. Mai ba da labarin ya zauna a gefen teburina yana murza hannu saboda sanyi, ya ba ni shi tiryan-tiryan yana dariya, kamar abin da muka daɗe muna yi tare. Da zai fita ya dafa kafaɗata ya ce, "Baba, duk gidan nan ba ni da hannu mai tsabta irin naka. Ba ka tambaya."

Wanda ya ba ni labarin a karo na ƙarshe ke nan: Mai Famfo da kansa.

Ka shafa mini kan yaran.
Yayanka.