Yarinyar Da Ta Karye A Motar Da Ba Ta Shiga Ba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban direbobin tashar da nake hawa mota, a nan Kaura Namoda.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da direbobinka da 'yan kamashonka. Ina kuma fatan kujerar ofishinka tana nan yadda na hango ta ta taga, mai hannuwa biyu da matashi, kuma har yanzu kai kaɗai kake zama a kanta, ba a haɗa ka da kowa ba.

Ranka ya daɗe, ni dattijo ne, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Duba tikiti ne aikina har na yi ritaya, saboda haka na ɗan san yadda ake ƙirga fasinja. Sau uku na zo neman ka. Ranar farko aka ce ka tafi Gusau, ta biyu aka ce kana wurin ta'aziyya, ta uku aka ce kana ganawa, ko da yake daga inda nake tsaye ina jin ƙamshin balangun da ake ganawar da shi. Shi ya sa na rubuto a fili. Ban kama sunanka ba, ban kama sunan tashar ba, ka san kanka.

Maganar ta jikata ce, Ramlatu, 'yar shekara biyar. Yanzu haka tana Shinkafi wurin uwarta, hannunta na dama a cikin siminti, goshinta da ɗinki. A motar tasharka abin ya faru. Nan da 'yan makonni dole a dawo da ita Kaura likita ya duba ko ƙashin ya haɗe daidai, kuma babu wata hanya sai wannan, babu wasu motoci sai naku. Ga bayanina daki-daki.

1. Zan fara da yabo, don kada a ce tsoho ya zo da faɗa. Wanda ya ƙera ƙaramar mota ya sa mata wurin zaman mutum biyar har da direba, ya sa bel na ɗaure jiki guda biyar. Doka ma, yadda muke ji a rediyo, a nan ta tsaya, ta ƙara da cewa kada a sa ƙaramin yaro a gaba. To amma maƙerin bai taɓa zuwa tasharmu ba, shi ya sa basirarsa ta tsaya a biyar. Ku kun gano cewa kujerar baya ta mutum huɗu ce, ta gaba ta mutum biyu ce, kuma kujerar direba ma akwai rarar wuri a gefenta, muddin fasinjan zai yarda giyar mota ta zauna tsakanin gwiwoyinsa. Duk lokacin da direba zai sa lamba uku sai ya nemi izinin bawan Allah. Ranar kasuwa kuwa har but, wurin zuba kaya, akan buɗe wa mutum biyu su zauna suna kallon inda aka fito. Na yi shekaru a cikin taragon jirgi ban ga wannan ilmi ba, Allah ya ƙara basira.

2. Abin da ya fi burge ni shi ne matsayin yaro. A jirgi yaro rabin tikiti yake yanka, wato ko ba komai hukuma ta yarda rabin mutum ne. A tasharku buhun gero yana da wurinsa, akuya tana da nata, har kaza akan tambayi mai ita. Yaro kuwa sunansa na cinya. Ba a ƙirga shi, ba a rubuta shi, duk inda aka ga cinya babu kowa a kai nan ne wurinsa, ko ta uwarsa ce ko ta wanda bai taɓa gani ba. Idan an ce mota ta ɗauki mutum bakwai, sai ka leƙa ka ga idanu sun fi ashirin suna kallonka.

3. Ga yadda tamu ta kasance. Ramlatu ta yi hutu a gidana, na tashi mayar da ita ranar kasuwar Shinkafi. Uwarta, 'yata Asma'u, ta ja mini kunne a waya cewa in yanka wa yarinyar kujerarta daban. Na ce kada ta koya mini aikina. Muka zo tasha bayan azahar, na biya kujera biyu a baya, ɗan kamasho ya rubuta sunana a littafin fasinja, ya rubuta nata a ƙasa yana dariya. Ta zauna kusa da ni ta miƙe ƙafafu sai ka ce matar gwamna. Na ce amarya yau an samu ɗaki, ta ce ita ba ta auren mai furfura.

Mota ta cika, direba ya tayar, sai ga wata tsohuwa da ƙunshin magani a hannu, daga asibiti take, za ta Moriki. Motarmu ce ta ƙarshe, domin kowa ya san bayan la'asar babu mai hankalin da zai kama wannan hanya. Ɗan kamasho ya leƙo ya ce, "Haba Baba, wagga 'yar ƙaramar ɗiya ka tare ma kujera guda? A aza ta bisa cinya mana." Duk motar ta juyo tana kallona. Wani ya ce tsoron Allah, wata ta ce yau ga boko. Tsohuwar tana dai tsaye cikin rana, kuma tsayuwarta ta fi maganarsu ƙona ni. Na ce gwiwata ba ta ɗaukar nauyi, ga buhu a ƙarƙashin ƙafata. Wani ɗan kasuwa mai jiki da ke gaba ya ce a miƙo ta, gaba ma ta fi iska. Aka ɗaga Ramlatu ta saman kujera aka miƙa, kamar yadda ake miƙa ƙullin kaya. Ɗan kamasho ya dawo mini da kuɗin kujerarta, na karɓa na sa a aljihu.

4. Ba zan ce ba a kula da bel a motocinku ba, ƙarya zan yi. Duk lokacin da muka hango shingen ma'aikata, direba yakan jawo nasa ya rataya a kafaɗa kamar mai saɓa rawani, mu wuce, ya sake shi. Na gaba kuwa ba zai zagaye mutum biyu da yarinya ba, don haka aka bar shi ya huta. Na baya ban gan su ba, ina jin sun shige ƙarƙashin kujera tun zamanin mai motar na farko.

Kafin mu kai Moriki, wani babur ya ɓullo daga hanyar daji da mutum uku a kai. Ka san abin da babur daga daji yake nufi a ƙasar nan yanzu. Direba ya taka birki da ƙarfinsa duka, ya kai hannu giya ya ci karo da gwiwar mutum. Manyan da ke motar ba wanda ya motsa, don an cusa mu yadda ko kifewa aka yi ba mai faɗuwa, wannan ma wata hikimar taku ce. Mutum ɗaya ne a motar da ba abin da ya riƙe shi. Na ji ƙarar goshinta a gilashi kafin na ji kukanta. Masu babur ɗin manoma ne, da fartanyoyinsu, suka tsaya suna salati tare da mu.

Direban ya yi abin kirki, kuma ina so a rubuta masa. Ya cire hularsa ya danne mata goshi, ya sauke tsohuwar a Moriki, bai sake tsayawa ba sai ƙofar asibiti a Shinkafi. Hawaye yake yi. Ba shi na kawo ƙara ba.

5. Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Da na dawo Kaura aka ce mini tasha takan taimaka wa fasinjan da ya ji rauni a motarta. Ban zo don taimakon ba, Allah ya rufa asiri, an yi mata magani. Na zo ne a san abin ya faru. Sakatarenka ya karɓe ni da mutunci, ya ba ni benci, ya ɗauko littafin ranar, ya bi da yatsa. Ga sunana. A ƙasansa ga sunan Ramlatu, an ja masa layi da biro, an rubuta na tsohuwar a sama. Ya dube ni da tausayi ya ce, "Ba ta cikin takarda, Baba. Mi kake so mu yi?"

Tirƙashi! Ashe a takarda jikata ta sauka tun mota ba ta tashi ba. A takarda motar ta isa lafiya da fasinjanta bakwai, ba wanda ya ko ƙwarzane. Ina roƙonka, ranka ya daɗe, ka aiko wani ya yi wa likita wannan bayani, domin shi ya nace hannun ya karye. Ka kuma aiko a gaya wa yarinyar, wadda yanzu ko ƙarar mota ta ji a ƙofar gida sai ta ruga bayan uwarta. Ni dai na yi tunani har kaina ya yi zafi. Da a ce ba manoma ba ne a kan babur ɗin, da an kwashe mu an shiga daji, littafin nan shi za a buɗe a kira 'yan uwa. Da an nemi mutum bakwai, da ba a nemi ta takwas ba, balle ɗan goyon da ke bayan wata mata a gefena.

6. Na san abin da za ka ce, kuma ba duka ne ƙarya ba. Mai ya yi tsada, hanya ta cinye tayoyi, motoci sun ragu saboda direbobi da yawa sun ajiye tuƙi don tsoro, talaka kuma ba zai iya biyan kujera ga kowane yaro ba. Na sani. Ni ma da cinya na yi renon 'ya'yana bakwai a kan hanyar Zurmi, ina murna na tsira da kuɗin mota. Amma ranar nan ba talauci ne ya tashi Ramlatu daga kujerarta ba, an riga an biya. Al'ada ce ta tashe ta, wadda ta ce babba ba ya tsayuwa yaro yana zaune, ko da a cikin ƙarfe mai gudu ne. Ni kuma na bi, saboda na ji kunyar mutanen da ban sani ba, waɗanda yau ko a kasuwa muka haɗu ba zan gane su ba. Wannan laifina ne, ban ɗora wa kowa ba. A asibiti Asma'u ta tambaye ni a ina yarinyar take zaune. Na dafe aljihun da kuɗin kujerarta suke ciki. Ba ta sake tambaya ba, ba ta ɗaga mini murya ba, ta kawo mini ruwa da abinci kamar kullum. Wallahi da zagina ta yi da na fi samun sauƙi.

Buƙatuna ba su da yawa, kuma babu wadda za ta taɓa aljihun tasha sosai.

Na farko, duk mai ran da ya shiga mota a rubuta sunansa, ko jariri ne na kwana arba'in. Tawadar biro ba ta kai mai tsada ba.

Na biyu, kada a ƙara sa yaro a gaba, ko a cinyar wa. Idan dole sai cinya, to a baya, kuma a ta nasa.

Na uku, kujerar da aka biya wa yaro ta zama tasa. Ka hana 'yan kamasho yin ciniki a kanta, don kada a sake tsayar da tsoho irina tsakanin jikarsa da tsohuwa marar lafiya a ce ya zaɓa, jama'a suna kallo. Idan akwai wanda zai ce a'a, tasha ce ya kamata ta ce, tunda ita ba ta jin kunya.

Na huɗu, a bar wa direba kujerarsa da giyarsa. A tono bel ɗin baya a ga ko suna da rai.

Na ƙarshe, a ɗauko littafin ranar a mayar da sunan Ramlatu. Ba sai an goge na tsohuwar ba, ita ma ta shiga. A rubuta takwas, tunda takwas ɗin ne, a ƙara ɗan goyon ya zama tara.

Ranar da za a kawo ta ganin likita, ba ni zan rako ta ba. Uwarta ta ce ita za ta kawo ta da kanta, kada in wahalar da gwiwata. Na gane abin da take nufi, kuma tana da gaskiya. Amma da za su koma, a tasharka za su hau, kuma zan zo in tsaya a bakin ƙofar motar da sandata har ta tashi. Duk wanda ya ce a aza ta bisa cinya, ranar zai san tsohon mai duba tikiti bai manta yadda ake sauke mutum ba. Zan so ka fito daga ganawa ka gani da idonka.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare direbobinka daga sharrin hanya da na daji, ya sa kowace mota ta isa da duk wanda ta ɗauka, na takarda da wanda ba na takarda ba. Allah ya ba ka jikoki masu yawa, ya kuma raba ka da ranar da za ka miƙa ɗayansu gaba da hannunka.

Wassalam.

Naka,
Kakan Ramlatu,
Kaura Namoda.